Masu Bin Sawu a Sama

A shekarar 1821 wani masanin taurari a birnin Faris, Alexis Bouvard, ya fitar da jadawalin tafiyar wata duniya da ake kira Yuranus. Bouvard ɗan talakawa ne, da kiwo ya buɗe ido a tsaunukan Alps kafin ya gangaro birni ya koyi lissafi. Aikin da ya sa a gaba ba baƙonsa ba ne: ya tattara duk wuraren da aka taɓa ganin duniyar a sama, ya ɗora su kan dokar Niyuton ta jan juna da ke tsakanin rana da duniyoyi, sannan ya faɗa wa masu duba inda za su same ta a shekaru masu zuwa. Ya yi wa Mushtari da Zuhal haka, abin ya tafi daidai. Yuranus ce ta ƙi.

Ba a daɗe da saninta ba a lokacin. Tun zamanin Babila har zuwa malaman falaki na ƙasashen Musulmi, taurari masu tafiya biyar aka sani, waɗanda malamanmu ke kira da sunayensu na Larabci: Uɗaridu, Zuhura, Mirrihu, Mushtari da Zuhal. Ranar 13 ga Maris 1781 wani makaɗi Bajamushe mazaunin garin Bath a Ingila, William Herschel, ya hango wani ɗigon haske da madubin hangen nesa da ya ƙera da hannunsa. Ya ɗauka tauraro mai wutsiya ne. Sai da masu lissafi suka bi tafiyarsa wata da watanni suka gane duniya ce, nisanta daga rana ya ninka na Zuhal, tana cin shekara 84 kafin ta kewayo. Da aka koma tsoffin kundayen duba, ashe an sha ganinta ana rubuta ta a cikin taurari tsayayyu. John Flamsteed ya rubuta ta tun 1690, Pierre Lemonnier kuwa ya gan ta sau da yawa bai lura tana motsi ba.

To, a nan gizo ke saƙar. Duk hanyar da Bouvard ya zana wadda ta dace da tsoffin awo sai ta saɓa wa sababbi, wadda ta dace da sababbi kuma sai ta bar tsoffin a waje. Ya zaɓi ya jingine tsoffin, bisa hujjar cewa kayan aikin magabata ba su kai na zamaninsa ba. Amma bai rufe ƙofa ba. Ya rubuta cewa ya bar wa masu zuwa su gano ko laifin na awon ne, ko kuwa akwai wani abu da ba a sani ba da ke taɓa duniyar. Ba a yi shekara goma ba sai ga Yuranus ta fara kauce wa sabon jadawalin ma.

Kada mai karatu ya zaci wata babbar kaucewa ce. Ɗauki faɗin wata daren goma sha huɗu ka kasa shi kashi goma sha biyar. Kashi ɗaya shi ne duk abin da ake jayayya a kansa zuwa 1845. Sai dai dokar Niyuton a wannan zamani ta saba wa mutane da cika alkawari. Da ita aka faɗi dawowar tauraro mai wutsiya na Halley, ya kuwa dawo a 1759. Da ita ake lissafin husufi da hawan ruwan teku. Doka irin wannan in ta kuskure ko da taku ɗaya, masu ita ba sa barci. Ruwa ba ya tsami banza.

Irin tunanin da ake bukata a wannan gaɓa shi ne maƙasudin wannan tarihi, don haka bari in tsaya a kansa. Wanda ya karanta littafin manɗiƙin nan, Sullam na Shehu Ahalari, a zaure ya san hanyoyi biyu na kafa hujja. Akwai ƙiyasi: duk rijiyar da ke wannan fadama ruwanta zartsi ne, wannan rijiya a fadamar take, ashe ruwanta zartsi ne. In farkon maganar gaskiya ne, ƙarshenta ba ya ƙarya, amma kuma bai ƙare ka da komai ba, tunda abin da ka fitar yana cikin abin da ka zuba. Akwai istiƙra'i: ka ɗanɗana rijiya goma, ka ɗanɗana ashirin, duka zartsi, sai ka yanke wa dukan fadamar hukunci. Sai ta uku, wadda kowa ke aiki da ita kullum ba tare da ya raɗa mata suna ba. Kana zaune a gida aka kawo maka ruwa a tulu, ka kurɓa ka ji zartsi, sai ka ce daga fadamar nan aka ɗebo shi. Ba ka ga mai ɗiba ba, ba ka ga guga ba. Ka tashi daga abin da ya faru ka koma baya zuwa ga abin da zai iya haifar da shi. Kana iya kuskure, don mai yiwuwa wani ne ya jefa kanwa a tulun. Duk da haka, a cikin ukun nan ita kaɗai ce ke kawo maka labarin da ba ka da shi a hannu.

Wannan shi ne hankalin mai bin sawu. Malaman tarihi irin su Ɗabari da Mas'udi sun kawo labarin 'ya'yan Nizar huɗu da suka siffanta raƙumin da ba su taɓa gani ba: mai ido ɗaya ne domin gefe guda kawai ya yi kiwo, ba shi da wutsiya domin kashinsa a tare yake bai warwatsu ba. Alƙalai suna kiran irin wannan ƙarina, kuma duk ɗan makarantar allo ya san rigar Annabi Yusuf, alaihis salam, da yadda inda ta yage, gaba ko baya, ya nuna mai gaskiya. Abin da masu taurarin Turai suka fuskanta ke nan: sawu a sama, ba a ga mai shi ba.

Zato ya yi yawa. Wasu suka ce tauraro mai wutsiya ne ya bangaje ta. Wasu suka ce akwai wani siririn abu da ya cika sarari yana rage mata gudu. Wasu suka ce tana da wani ƙaton wata da ke fisgarta. Wasu, ciki har da George Airy, shugaban gidan duban taurari na Greenwich, sun fi karkata ga cewa dokar Niyuton ce ke rauni in nisa ya yi yawa. Wasu kuma suka ce akwai wata duniya can gaba da ba a gani ba. Faɗin haka ba wuya. Wuyar ita ce a ce ga inda take. A ba ka raƙumi a ce ka faɗi irin sawun da zai bari, wannan lissafi ne da aka saba. A ba ka sawu kawai a ce ka faɗi nauyin raƙumin, da saurinsa, da inda zai kwana yau, wannan ba wanda ya taɓa yi a ilimin taurari.

Mutum biyu suka ɗauki aikin, ba wanda ya san da ɗan'uwansa. A Ingila wani saurayi ɗan manoma daga Cornwall, John Couch Adams, ya ƙudurta tun yana ɗalibi a Kambirij a 1841 cewa zai warware matsalar. A kakar 1845 ya kai sakamakonsa ga James Challis na Kambirij, ya kuma bar wa Airy takarda a gida. Airy ya aiko masa da tambaya, Adams bai amsa da wuri ba, magana ta kwanta. Bai buga komai ba.

A Faransa kuwa François Arago, shugaban gidan duban taurari na Faris, ya ɗora aikin a kan Urbain Le Verrier, haifaffen Saint-Lô a 1811, wanda ya fara da ilimin haɗa sinadarai kafin ya koma lissafin falaki. Yadda Le Verrier ya bi abin shi ne ya fi burge ni a duk labarin, domin bai yi tsalle ya faɗa kan amsar da yake so ba. A takardarsa ta farko, Nuwamba 1845, ya sake lissafa jan da Mushtari da Zuhal ke yi wa Yuranus tun daga tushe, don ya tabbata ba kuskuren Bouvard ba ne. Kaucewar ba ta tafi ba. A ta biyu, 1 ga Yuni 1846, ya bi zatuttukan ɗaya bayan ɗaya. Da abin da ya cika sarari ne, da an ga alamarsa a sauran duniyoyi. Da ƙaton wata ne, da an gan shi, kuma da girgizar da zai jawo mai saurin maimaituwa ce. Da karo ne na rana ɗaya, da jadawalin da aka yi bayan karon ya zauna daidai. Taɓa dokar Niyuton kuwa ya ajiye shi sai in komai ya ƙare. Ya rage ɓoyayyiyar duniya, kuma dole ta kasance bayan Yuranus, don da tana gabanta da ta dagula tafiyar Zuhal. A ta uku, 31 ga Agusta, ya ba da nauyinta da hanyarta da inda za a nufa da madubi.

An yaba masa, amma a Faris ba wanda ya duƙufa neman. A Kambirij, Challis ya fara nema tun ƙarshen Yuli bisa matsin Airy, yana rubuta taurari dubbai da niyyar ya gwada su daga baya. Sau biyu a watan Agusta duniyar ta shiga madubinsa ya rubuta ta, bai koma ya gwada ba.

Le Verrier ya tuna da wani mataimaki a gidan duban taurari na Balin, Johann Galle, wanda ya aiko masa da kundin digirinsa shekara guda da ta wuce bai ko amsa ba. Ya rubuta masa wasiƙa, ya fara da godiyar da ta makara, sannan ya roƙe shi ya duba wuri kaza. Wasiƙar ta isa ranar 23 ga Satumba 1846, ranar da shugaban gidan, Johann Encke, ke cika shekara 55. Encke ya ba da izini. Wani ɗalibi, Heinrich d'Arrest, ya roƙa a bar shi ya taya, kuma shi ne ya tuna akwai sabuwar taswirar wannan yanki na sama da Carl Bremiker ya zana, an buga ta amma ba a kai ga rarraba ta ba. Galle ya sa ido a madubi yana kiran taurari ɗaya ɗaya, d'Arrest na zaune da taswira yana duba kowanne. Ba su yi awa guda ba Galle ya kira wani, d'Arrest ya duba ya ce babu shi a taswira. Tazarar da ke tsakaninsa da inda Le Verrier ya nuna ba ta kai digiri ɗaya ba, wato ƙasa da faɗin wata biyu. Washegari da dare suka sake dubawa, ya gusa. Aka sa mata suna Naftun. Daga baya aka fahimci abin da ya ruɗa Bouvard: a wajen 1821 ne Yuranus ta cim ma Naftun ta wuce ta, kafin nan ana janta gaba, bayan nan ana janta baya.

Turai ta ɗauka. Arago ya ce mutumin ya ga duniya a bakin alƙalaminsa. Ingilawa suka fito da sunan Adams, aka yi ta cacar baki tsakanin ƙasashen biyu, wadda ba ita ce damuwarmu ba a nan. Abin da ya fi muhimmanci daga Amurka ya fito. Sears Walker ya gano cewa an taɓa rubuta Naftun a Faris tun Mayun 1795 a matsayin tauraro, kuma da wannan tsohon awo ya fitar da ainihin hanyarta. Sai ga shi ta saɓa da ta Le Verrier sosai. Le Verrier ya ce nisanta daga rana ya ninka na duniyarmu sau 36, ashe sau 30 ne. Ya ce tana kewayowa a shekara 217, ashe 165 ne. Nauyin da ya ba ta ya ninka na gaskiya. Shi da Adams duka sun dogara da wata ƙa'idar tazarar duniyoyi da ake jingina wa Bode, wadda ta yi aiki har zuwa Yuranus sannan ta watse. Babban malamin lissafi na Harvard, Benjamin Peirce, ya fito ya ce gano Naftun dace ne kawai aka yi.

A ganina ya wuce gona da iri. Mai bin sawu ya kuskure shekarun raƙumi da nauyin kayansa, amma ya nuna kurmin da yake, aka je aka same shi. Lissafin ya kama ɓangaren da jan ke fitowa a shekarun da duniyoyin biyu suke kusa, kuma wannan ne ake bukata don saita madubi. Duk da haka akwai gaskiya a ƙorafin Peirce wadda murna ta hana mutane ji: zato yana iya kai ka inda kake so alhali rabinsa ba daidai ba ne. A gidan wannan malami a lokacin akwai yaro ɗan shekara bakwai mai suna Charles. Za mu dawo kansa.

Le Verrier ya zama shugaban gidan duban taurari na Faris a 1854, ya ɗauki aikin sake lissafa tafiyar dukan duniyoyi. Da ya zo kan Uɗaridu, mafi kusa da rana, ya sake cin karo da sawu. Hanyar Uɗaridu ba da'ira ba ce cif, ta ɗan miƙe kamar ƙwai, kuma wurin da ta fi kusantar rana yana gusawa gaba a hankali. Mafi yawan gusawar jan sauran duniyoyi ya bayyana ta. Amma da ya bi bayanan giftawar Uɗaridu ta gaban rana daga 1697 zuwa 1848, sai ya tarar da rarar daƙiƙa 38 na awon kusurwa a kowace shekara ɗari. Kasa faɗin wata kusan kashi hamsin, ka ɗauki ɗaya, a ƙarni guda. Ya gwada ƙara wa Zuhura nauyi, sai lissafin duniyarmu ya lalace. A Satumban 1859 ya sanar cewa dole akwai wani abu tsakanin Uɗaridu da rana, ko duniya guda ko tarin ƙanana, wanda hasken rana ya ɓoye. Wa zai ga laifinsa? Hanyar da ta fisshe shi a 1846 ita ya sake bi, taku bayan taku.

A Disamba wasiƙa ta zo masa daga wani likitan ƙauye a Orgères, Edmond Lescarbault, mai sha'awar taurari, cewa tun 26 ga Maris ya ga wani baƙin ɗigo ya gifta ta gaban rana. Le Verrier ya tafi ƙauyen ba sanarwa, ya titsiye likitan da tambayoyi. An ruwaito cewa agogonsa tsoho ne, kuma a kan katako yake lissafi, in ya cika ya kankare, kamar yadda almajiri ke wanke allo. Le Verrier ya gamsu. Ranar 2 ga Janairu 1860 ya sanar da sabuwar duniya, Bulkan, mai kewaya rana a kwana 19 da awa 17. Aka ba likitan lambar girma ta ƙasa.

Tun a lokacin akwai abubuwa biyu da ya kamata su sanyaya masa gwiwa. Bisa lissafinsa shi kansa, ɗigon da likitan ya siffanta ya yi ƙanƙanta ƙwarai, ba zai iya jawo rarar da ake nema wa dalili ba. Kuma wani masani Bafaranshe da ke aiki a Burazil, Emmanuel Liais, ya ce shi ma yana duban rana a daidai wannan lokaci da madubin da ya fi na likitan, bai ga komai ba. Kama da wane ba ta wane. Aka shiga faɗin ranakun da Bulkan za ta sake giftawa, ranakun su zo su wuce rana fes. Le Verrier, wanda tsananinsa ya sa ma'aikatansa suka yi masa bore aka sauke shi a 1870 kafin a mayar da shi a 1873, ya sa ran 22 ga Maris 1877. Masu duba a ƙasashe da dama suka kasa suka tsare, shiru. Ya rasu a wannan shekara, ranar 23 ga Satumba, shekara 31 cif da daren Balin, bai janye maganar Bulkan ba. A husufin rana na 29 ga Yuli 1878 wasu Amurkawa biyu, James Watson da Lewis Swift, suka ce sun gan ta, amma wuraren da suka nuna ba su dace da juna ba. Da aka shiga nemanta a hotunan husufi ba a gan ta ba, zancen ya mutu a hankali. Rarar kuwa tana nan; Simon Newcomb ya sake aunawa a 1882 ya ce 43 ce ma.

Yaron nan na gidan Peirce ya girma a tsakiyar waɗannan labarai biyu. Charles Sanders Peirce, haifaffen 1839, ya karanta ilimin sinadarai, ya yi kusan shekara talatin yana aiki da hukumar awon gaɓar teku ta Amurka, yana auna ƙarfin jan ƙasa da lilon ƙarfe, yana kuma auna hasken taurari a Harvard. Mutum ne da ya san awo da hannunsa, ya san yadda yake kuskure. Amma zuciyarsa na ga manɗiƙi. A 1878 ya buga wata maƙala a mujallar Popular Science Monthly inda ya ware hanyoyin nan uku, ya ce ta ukun hanya ce mai zaman kanta, bai kamata a cusa ta cikin istiƙra'i ba. Ya yi ta sauya mata suna tsawon rayuwarsa, wanda ya zauna shi ne abdakshan. A laccocinsa na Harvard a 1903 ya tsara ta a taƙaice: ka ga abin da ya ba ka mamaki, ka lura cewa da abu kaza gaskiya ne, da mamakin ya kau, wannan ya ba ka dalilin zargin cewa abu kazan gaskiya ne.

A lura da inda ya tsaya. Dalilin zargi ya ce, bai ce tabbaci ba. A wurinsa bincike zagaye ne mai hawa uku: bin sawu ya kawo zato, ƙiyasi ya fitar da abin da dole a gani in zaton gaskiya ne, gwaji ya je ya duba. Wasiƙar Le Verrier zuwa Balin hawa na biyu ce, idon Galle na uku. Peirce ya kuma ce tunda lokaci da kuɗi ba su da yawa, a fara da zaton da ya fi sauƙin gwadawa, ko da ba shi ne aka fi so ba, don in ƙarya ne a yi saurin kawar da shi. Mu kan ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya, kuma a tsakanin mutane haka ne, domin mutuncin wani ne a kan layi. Amma tauraro ba ya jin ciwon zargi. Zunubin mai bincike shi ne ya manta cewa abin da ke hannunsa zato ne.

Akwai abin da ya daɗe yana ba Peirce mamaki. Dalilan da za a iya ƙirƙira wa kowace alama ba su da iyaka, amma ɗan Adam kan dace da na gaskiya bayan gwaji kaɗan. Ya kwatanta wannan da ɗan tsako da ke fitowa daga ƙwai ya san abin da zai tsattsaga. Misalin da ya fi girmamawa shi ne masanin taurari Kefla, wanda ya ƙi kau da kai daga saɓanin minti takwas na kusurwa tsakanin lissafinsa da awon Tycho Brahe a kan Mirrihu, ya yi shekaru yana gwada siffa bayan siffa har ya bar da'irar da aka riƙe kusan shekara dubu biyu, ya buga sakamakon a 1609. Peirce kansa bai ci moriyar iliminsa ba. Ya koyar a jami'ar Johns Hopkins daga 1879 zuwa 1884 aka sallame shi, bai sake samun kujera ba. Ya ƙare a garin Milford na jihar Pennsylvania cikin talauci da ciwo, abokinsa William James na tara masa taimako. Ya rasu a Afrilun 1914, ya bar tulin rubutu da ba a fara bugawa a tare ba sai 1931.

Da ya ƙara wata goma sha tara da ya ji ƙarshen zancen Uɗaridu, kuma daga Balin ɗin nan dai ya fito. Ranar 18 ga Nuwamba 1915 Albert Ainstain ya gabatar wa majalisar masana ta Prussia lissafi daga sabon ra'ayinsa, cewa abu mai nauyi kamar rana yana lanƙwasa sarari da lokaci da ke kewaye da shi, duniyoyi kuma wannan lanƙwasa suke bi. A nesa da rana sakamakon kusan ɗaya ne da na Niyuton. A kusa, inda Uɗaridu take, akwai ɗan bambanci. Da ya lissafa bambancin sai ya fito 43, ba tare da ya ƙara wata duniya ko ya murɗa wata lamba don ta dace ba. Shekara biyu kafin nan, shi da abokinsa Michele Besso sun gwada da wani tsarin farko na ra'ayin suka sami 18 kacal, don haka ya san ma'anar abin da ya gani; ya faɗa wa abokai cewa har zuciyarsa ta riƙa bugawa. Sawun giwa ya taka na raƙumi. Zaton da Airy ya karkata gare shi a kan Yuranus, wanda bai yi daidai ba a can, shi ne ya yi daidai a nan: dokar ce ke da gyara.

Ban ga laifin Le Verrier a zaton Bulkan ba. A cikin dalilan da mutumin 1859 zai iya kawowa, shi ne mafi ƙarfi. Laifinsa shi ne karɓar shaidar mutum ɗaya domin ta zo da abin da yake so, da kuma riƙe maganar bayan rana ta sha ƙaryata ta. Akwai kuma iyakar da ba laifin kowa ba ce. Masu falsafa na baya, tun daga Gilbert Harman a 1965, suna kiran wannan hanya zaɓen bayani mafi kyau. To amma mafi kyau a cikin waɗanne? A cikin waɗanda suka faɗo maka a rai. Le Verrier ya jera zatuttukansa ya kakkaɓe su da kyau, sai dai lanƙwasar sarari ba ta cikin jerin, kuma babu yadda za a yi ta kasance a ciki.

Yuranus ba ta gama da mutane ba. Ko bayan an sa jan Naftun a lissafi, wasu sun ga kamar akwai ɗan ragowar kaucewa. Percival Lowell, attajirin Boston da ya yi karatu a hannun Benjamin Peirce, ya gina gidan duban taurari a Flagstaff ta jihar Arizona, ya bi hanyar Le Verrier ya lissafa wata duniya ta tara. Ya rasu a 1916 bai gan ta ba. Ranar 18 ga Fabrairu 1930 wani saurayi ɗan manoma daga Kansas, Clyde Tombaugh, yana gwada hotunan sama biyu a gidan, ya ga ɗigo ya yi tsalle, 'yan digiri kaɗan daga inda Lowell ya nuna. Aka kira ta Fuluto, aka ce an maimaita daren Balin. Amma duk lokacin da aka sake kimanta nauyinta sai ya ragu, har 1978 da James Christy ya gano watanta aka iya auna ta sosai: kusan kashi ɗaya cikin ɗari biyar na nauyin duniyarmu. Ba ta isa ta motsa Yuranus ba. Naci da haƙurin Tombaugh ne suka samo ta.

A Agustan 1989 kumbon Voyager 2 ya wuce ta gefen Naftun, kuma daga yadda ta karkatar da shi aka gane cewa nauyin da ake ba ta ya zarce na gaskiya da kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Myles Standish ya sa sabon nauyin a lissafi, ya buga sakamakon a 1993. Ragowar kaucewar ta ɓace. Wannan karon babu ɓoyayyiyar duniya, dokar ma lafiyarta lau. Awon ne ke da kuskure, abin da Bouvard ya fara zargi tun farko. Shekara 172 bayan jadawalinsa, Yuranus ta zauna a inda lissafi ya ce za a same ta.